Yadda na bi ajin shiga Katolika, da batun cewa Ikilisiya ba ta kuskure a koyarwa

Ni dai ba a Katolika na taso ba. A wata ikilisiya aka yi mini baftisma tun ina yaro, can na koyi karatun Littafi Mai Tsarki, can na haddace ayoyi, kuma har gobe ina gode musu don su suka sa mini ƙaunar Maganar Allah. Da na ƙudura zan koma Katolika sai na je na samu Fada na gaya masa, abu na farko da ya nema takardar baftisma ce, yana so ya tabbatar da ruwa aka yi kuma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da ya duba ya gamsu sai yace toh ba za a sake maka ba, baftisma ɗaya ce, dama kai Kirista ne, abin da ya rage a karɓe ka cikin cikakkiyar tarayya, amma sai ka bi aji tukuna. Haka aka haɗa ni da ajin manya, wasu a cikinmu ba su taɓa yin baftisma ba, wasu kuma irina ne, wani dattijon katikis ne ke koyar da mu Fada kuma yana leƙowa lokaci lokaci.

Darussan farko ba su ba ni wahala ba sam. Allah ɗaya cikin Uku, Yesu Allah ne kuma mutum ne, mutuwarsa da tashinsa, duk da su na taso. Hatta sakramenti da maganar Maryamu da mutane ke zaton su ne za su tsaya mini a wuya, na yi tambayoyi na samu amsa na wuce. Inda na tsaya cak shi ne ranar da Baba katikis ya karanto mana abin da mu masu baftisma za mu furta ranar karɓa, bayan mun gama faɗin shaidar bangaskiya tare da jama'a. Jimla ɗaya ce tak, ma'anarta ita ce na gaskata kuma na shaida duk abin da Ikilisiyar Katolika mai tsarki ta gaskata, take koyarwa, take kuma shelar cewa Allah ne ya bayyana shi. Nace Baba, duk fa kace? Yace duk. Nace toh ni ba zan tsaya gaban bagade in faɗi maganar da ban san iyakarta ba, ina so in san me ya shiga ciki me bai shiga ba, kuma wa ke da ikon cewa wannan Allah ne ya bayyana shi, kuma me ya sa zan yarda ba zai yi kuskure ba. Dattijon nan bai ji haushi ba, cewa yayi gara da ka tambaya yanzu, sai ya kai ni wajen Fada aka ware mini zama na daban ban da ajin da muke yi tare.

Fada da Littafi Mai Tsarki ya fara, ya san daga inda na fito. Matiyu 16 inda Yesu ya ce wa Bitrus a kan dutsen nan zai gina ikilisiyarsa ya kuma ba shi mabuɗan mulkin sama, Luka 22 inda yace ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta kasa, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa, Yohanna 21 da ya ce masa sau uku ya yi kiwon tumakinsa, sai Yohanna 16 alkawarin Ruhun gaskiya da zai bishe su cikin dukan gaskiya, da 1 Timoti 3:15 inda Bulus ya kira ikilisiya ginshiƙi da madogarar gaskiya. Gaskiya ayoyin Bitrus ɗin nan su kaɗai ba su motsa ni sosai ba, don na san yadda ake fassara su a inda na fito kuma masu fassarar ba jahilai ba ne. Wanda ya kama ni Ayyukan Manzanni 15 ne. Gardama ta tashi kan ko dole al'ummai su yi kaciya kafin su sami ceto, kowane ɓangare yana da nassi a hannu, kuma ba a ce kowa ya koma gida ya karanta ya bi abin da ya fahimta ba, manzanni da dattawa suka taru a Urushalima aka yi muhawara mai zafi, Bitrus ya yi magana, Yakubu ya yi magana, aka yanke, aka rubuta wasiƙa ana cewa Ruhu Mai Tsarki ya ga ya yi kyau mu ma mun gani. Wannan lafazin ya daɗe yana yawo a kaina. Mutane ne fa masu jini da tsoka suka zauna suka yi musu, amma suka fito suka ce hukuncin nan da Ruhu aka yi shi, kuma ikilisiyoyi suka karɓa a matsayin abin da ya ɗaure su.

Daga nan sai Fada ya jefo mini tambayar da ni kaina na sha kaucewa, yace ɗana, jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari a wace aya aka rubuta shi? Babu. Ikilisiya ce ta gane su ta tabbatar da su, majalisun Hippo a 393 da Kartej a 397 suna cikin waɗanda suka jera su. Yace in har za ka iya dogara da Ikilisiya cewa ba ta yi kuskure ba wajen nuna maka waɗanne littattafai ne hurarru, toh ka riga ka yarda akwai wurin da Allah ya tsare ta daga kuskure, abin da ya rage mu tattauna shi ne ina da ina. Haka ma majalisar Nikiya a 325 da ta ce Ɗan ainihinsa ɗaya da Uban, da Kalsidon a 451 da ta ce Kristi mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ni ai ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin ra'ayin da wata rana za a iya sokewa ba.

Sai muka zo kan Fafaroma, wanda shi ne ainihin abin da ke damuna. Fada bai yi mini dogon wa'azi ba, takardar ya buga ya miƙo mini yace karanta da kanka, wato babi na 4 na Pastor Aeternus da Majalisar Batikan ta Ɗaya ta amince da shi ranar 18 ga Yuli 1870 a zamanin Fafaroma Pius na 9. Na karanta a hankali ina ja layi. Sharuɗɗan da ta gindaya kafin a ce Fafaroma ba zai yi kuskure ba a fili suke, sai Fafaroma yana magana a matsayinsa na makiyayi da malamin dukan Kirista, yana amfani da cikakken ikonsa na manzanci, yana yanke hukunci na ƙarshe kan koyarwar bangaskiya ko ta ɗabi'a, kuma yana ɗaure dukan Ikilisiya da ita. In ɗaya ya faɗi a cikin waɗannan toh maganar ba ta shiga ba. Abubuwa biyu a takardar suka ba ni mamaki. Na farko ta ce ba a yi wa magadan Bitrus alkawarin Ruhu Mai Tsarki don su kawo sabuwar koyarwa ta hanyar wahayi ba, sai don su tsare amanar bangaskiyar da manzanni suka miƙa su kuma bayyana ta da aminci. Na biyu, ba ta ce Fafaroma yana da wata kariya tasa ta kansa ba, cewa tayi a irin wannan lokacin yana da kariyar da Mai Fansa ya so Ikilisiyarsa ta samu. Wato Ikilisiya ce tushen maganar, shi baki ne a wani yanayi takamaimai.

Baba katikis yana da yadda yake bayyana wannan, yakan ce katangar bakin rijiya ce, ba ta ƙara ruwa ko ɗigo ɗaya, ba ta sa mai ɗiba ya zama mutumin kirki, aikinta kawai kada a faɗa ciki. Alkawarin ba wai Fafaroma zai faɗi abin da ya fi dacewa a lokacin da ya fi dacewa ba ne, yana iya yin shiru inda ya kamata ya yi magana, yana iya naɗa mutumin banza a muƙami, yana iya kuskure a siyasa ko a hira da 'yan jarida cikin jirgi, yana zunubi yana zuwa ikirari wurin wani firist kamar kowa. Alkawarin shi ne Allah ba zai bari a ɗaure dukan Ikilisiya da ƙarya a matsayin bangaskiya ba.

Ni kuma ban tsaya nan ba, na koma na haɗo jerin abubuwan da na san ana kafa hujja da su na kawo. Na fara da Fafaromomi masu mugun hali irin su Alekzanda na 6 da ya riƙe kujerar daga 1492 zuwa 1503, Fada bai ko kare shi ba, yace rayuwarsa abin kunya ce kuma zai amsa gaban Allah, amma nuna mini koyarwar ƙarya da ya ɗaure Ikilisiya da ita. Na kawo Galatiyawa 2 inda Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, yace ai Bitrus bai koyar da cewa kada a ci abinci da al'ummai ba, tsoro ne ya sa ya janye jiki, halinsa ne ya saɓa wa abin da shi kansa ya koyar. Waɗannan biyun da sauri muka wuce su.

Wanda muka daɗe a kai Honoriyus na 1 ne, kuma har yanzu ina ganin shi ne hujja mafi nauyi da mai adawa zai iya kawowa, duk wanda ya ce maka abu ne mai sauƙi bai karanta ba. Ya yi Fafaroma daga 625 zuwa 638. Sarjiyus shugaban ikilisiyar Kustantiniya ya rubuto masa kan gardamar da ake yi game da Kristi, shi kuma a amsarsa ya yi amfani da lafazin nufi ɗaya ga Ubangiji Yesu, ya kuma goyi bayan a daina jayayya kan wasu kalmomi. Bayan mutuwarsa Majalisar Kustantiniya ta Uku, 680 zuwa 681, ta yanke cewa Kristi yana da nufi biyu, na Allahntaka da na mutuntaka, ta kuma la'anci waɗanda suka koyar da nufi ɗaya, da sunan Honoriyus a cikin jerin. Fafaroma fa, majalisar dukan Ikilisiya ta la'ance shi, kuma wani Fafaroman, Liyo na 2, ya tabbatar da hukuncin, yana mai cewa laifinsa shi ne bai kashe wutar karkatacciyar koyarwa tun tana ƙarama ba, sakacinsa ya hura ta. Nace Fada wannan fa? Yace karanta sharuɗɗan kuma ka karanta abin da ya faru, wasiƙa ce ga bishop ɗaya, kuma maimakon ya yanke hukunci ya ɗaure Ikilisiya, ƙoƙarinsa a bar maganar ne kada a yanke. Na ce masa wannan amsar tana kama da an zauna bayan shekara dubu da ɗari biyu an tsara sharuɗɗa yadda Honoriyus zai zame ya fita. Fada bai musa ba cewa tarihinsa ya shafi yadda aka rubuta su, yace ai shi ya sa aka takaita, bishop-bishop ɗin 1870 sun san da Honoriyus sarai, Bishop Hefele na Rottenburg a Jamus wanda masanin tarihin majalisu ne ya tada maganar da ƙarfi, kuma Ikilisiya ba za ta ayyana abin da tarihinta ya ƙaryata ba. Da na zauna na yi tunani sai naga wannan ba wayo ba ne, hanya ce ta gaskiya, ka duba me Allah ya tsare a zahiri cikin ƙarnuka sannan ka faɗi iyakarsa, kada ka faɗi fiye da haka. Abin da ya tsaya mini shi ne a ƙarshe koyarwar nufi biyu ce ta tabbata, kuma Roma na cikin waɗanda suka tsaya mata, Fafaroma Martin na 1 ma a gudun hijira ya mutu saboda ita.

Fafaroma Yohanna na 22 shi ma na kawo shi. Tun daga 1331 yana wa'azi a Abinyon cewa rayukan tsarkaka ba sa ganin fuskar Allah sai bayan shari'ar ƙarshe, malaman tauhidi na Paris suka ce a'a, aka yi ta ja, shi kansa yace ra'ayi ne yake bayarwa ba hukunci ba, ya janye ana gobe zai mutu a Disamba 1334, magajinsa Benedik na 12 ya yanke akasin haka a 1336. Wannan labarin ma ƙarfafa ni yayi, don ya nuna Fafaroma na iya kuskure a kan mumbari kuma 'ya'yan Ikilisiya su gaya masa.

Galileo kam, masanin taurarin da aka hukunta don ya ce duniya ce ke kewaya rana, sai da na gaya wa Fada ra'ayina. Amsar da ake bayarwa daidai ce, hukuncin 1633 na kotun Ikilisiya ne ba ayyana koyarwa ga dukan Kirista ba, kuma Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya fito a 1992 ya amince malaman tauhidin wancan lokacin sun yi kuskure. Amma mutum ne aka tilasta wa ya janye gaskiya, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642, shi a lokacin bambancin nan na hukuncin kotu da hukuncin bangaskiya bai rage masa zafi ba. Ban so a riƙa faɗin amsar nan da sauri kamar an ci gardama. Fada ya yi shiru sannan yace haka ne, kuma ka riƙe wannan, don ikon da ba a tsare shi daga kuskure ba shi ma iko ne kuma yana iya cutar da mutane.

Na kuma karanta yadda majalisar 1870 ɗin kanta ta gudana don ana cewa tilasta wa mutane aka yi. A ƙuri'ar gwaji ta 13 ga Yuli 451 suka ce e, 88 suka ce a'a, 62 suka ce e amma da gyara. Kafin ƙuri'ar ƙarshe da yawa daga masu adawa suka bar Roma don kada su ce a'a a gaban Fafaroma, sai aka tashi 533 da 2, ɗaya daga biyun Bishop Fitzgerald ne na Little Rock a Amurka. Yawancin masu adawar ba cewa suke koyarwar ƙarya ce ba, cewa suke lokacin bai dace ba kuma zai ƙara nisanta sauran Kirista, daga baya kuma suka karɓa har da Hefele. Wasu ba su karɓa ba, malamin tarihi Döllinger aka fitar da shi daga tarayya a 1871, wasu suka ɓalle suka zama Tsoffin Katolika. Washegarin ƙuri'ar yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, a Satumba sojojin Italiya suka shiga Roma, majalisa ta watse ba ta kai ga maganar bishop-bishop ba, shi ya sa hoton ya fito kamar Fafaroma ne kaɗai a fili.

Majalisar Batikan ta Biyu ce ta cike wannan giɓin, kuma a nan ne abin ya zauna mini daram. Takardarta Lumen Gentium ta 1964 a sashe na 12 ta fara da jama'ar Allah gaba ɗaya, ta ce dukan masu bi tun daga bishop-bishop har zuwa na ƙarshe cikin 'yan majami'a, in suka haɗu a kan abu na bangaskiya da ɗabi'a, ba za su ɓata ba. Sashe na 25 ya kawo bishop-bishop, ko suna warwatse a duniya suna koyar da abu ɗaya a matsayin tabbatacce tare da magajin Bitrus, ko sun taru a majalisa, sannan Fafaroma. Wata takardar majalisar, Dei Verbum ta 1965, kuma a sashe na 10 ta faɗi abin da ni mai tasowa da Littafi a hannu nake buƙatar ji, cewa ikon koyarwa ba ya sama da Maganar Allah, bawanta ne, yana sauraronta yana tsare ta yana bayyana ta. Kuma in ka duba misalai biyu da kowa ya yarda Fafaroma ya yi irin wannan hukunci, 8 ga Disamba 1854 kan ɗaukar cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, da 1 ga Nuwamba 1950 da Pius na 12 ya ayyana ɗaukarta zuwa sama jiki da rai, duka biyun sai da aka rubuta wa bishop-bishop na duniya aka tambaye su me su da jama'arsu suka gaskata, na farko a 1849 na biyu a 1946. Eh takardar 1870 ta ce hukuncin ba ya jiran sa hannun Ikilisiya kafin ya tabbata, amma ba a taɓa nufin zai faɗi abin da ba bangaskiyar Ikilisiya ba. Dokar Ikilisiya ta 1983 ma a kanon, wato sashe, na 749 ta ce ba a ɗaukar wata koyarwa a matsayin wadda aka ayyana babu kuskure sai abin ya fito fili ƙarara.

Toh a nan ne na gane wani abu da ban zo da shi ba. Abin da nake tsoro ƙanƙane ne kuma ba kasafai yake faruwa ba, wanda zai taɓa rayuwata kullum shi ne sauran koyarwar da ba a ce babu kuskure a cikinta ba amma duk da haka ana so in bi. Fada ya zana mini matakai uku yadda suke a shaidar bangaskiyar 1989 da Yohanna Bulus na 2 ya ƙarfafa a 1998. Akwai abin da aka ayyana Allah ne ya bayyana, wannan bangaskiya ake ba shi. Akwai abin da Ikilisiya ta yanke tabbatacce don yana manne da na farkon, wannan ana riƙe shi da ƙarfi. Sai koyarwar yau da kullum ta Fafaroma da bishop-bishop, wasiƙu da sauransu, wadda ake ba ta biyayya ta zuciya da hankali gwargwadon nauyin da mai koyarwar ya ɗora mata. Nace Fada wato in yi biyayya ga abin da ku da kanku kun ce zai iya samun gyara? Yace eh, kamar yadda ba ka jiran a tabbatar maka malami ba ya kuskure kafin ka saurare shi, amma ba a ce ka kashe hankalinka ba. Ya nuna mini kanon 212 da ya ba masu bi dama, wani lokaci ma wajibi, su faɗa wa makiyaya ra'ayinsu cikin ladabi, ya nuna mini Katikizim, wato littafin da ya tattara koyarwar Ikilisiya, sashe na 1790 da ya ce dole mutum ya bi tabbataccen hukuncin lamirinsa, da na 1783 da ya ce shi lamirin sai an tarbiyyantar da shi. Wannan matakin na uku ya fi cin raina fiye da duk maganar 1870, don yana nufin in na ji koyarwa ta yi mini nauyi, kaina zan fara tuhuma kafin in tuhumi Ikilisiya, in karanta, in yi addu'a, in tambaya, ba in ɗauki jakata in nemi inda za a faɗi abin da nake so ba.

Ban shiga tare da 'yan ajinmu a daren Ista ba, na roƙi a ƙara mini lokaci kuma Fada yace babu laifi, mai baftisma ana iya karɓarsa a wani lokacin, gara ka makara da ka furta abin da zuciyarka ba ta kai ba. Na je na ga an yi musu baftisma na yi murna da su. A tsakanin nan mahaifiyata ta tambaye ni, yanzu kai mutum za ka bi ka bar Yesu? Nace Mama, da na ga haka ne a ciki da ban kusanci wurin ba, abin da na gaskata shi ne Yesu ya yi alkawarin ba zai bar ikilisiyarsa ta ɓata ba kuma yana cika alkawarin ta hannun mutane masu rauni kamar yadda ya yi da Bitrus. Ba ta gamsu ba amma ta sa mini albarka, kuma muna addu'a tare har yanzu.

Da na shirya na koma na gaya wa Fada, ya yi mini 'yan tambayoyi ya ji da bakina me na fahimta, sannan na yi ikirarin zunubi na farko, wanda shi ma wani babban abu ne da ba nan ne wurin ba da labarinsa ba. Ranar Lahadi a cikin Mas bayan wa'azi aka kira ni gaba da wanda ya tsaya mini, muka faɗi shaidar Nikiya da dukan jama'a, na furta jimlar nan ni kaɗai da murya, Fada ya karɓe ni da sunan Ikilisiya, ya shafa mini tsarkakken mai na krisma a goshi, na karɓi Jiki da Jinin Ubangiji karo na farko.

Tun daga lokacin in na ga kanun labari wai Fafaroma ya canza koyarwa, abin da nake yi shi ne in nemo ainihin rubutun in duba wa ya faɗa, a wace irin takarda, ga wa, kuma da wane nauyi. Hira ce, wa'azi ne, wasiƙa ce ga dukan Ikilisiya? Fafaroma Benedik na 16 da ya fitar da littafinsa kan Yesu a 2007 da kansa ya rubuta a gabatarwa cewa wannan ba aikin ikon koyarwa ba ne, kowa na iya saɓa masa. Wanda nake kai yanzu shi ne gyaran da Fafaroma Francis ya yi wa sashe na 2267 na Katikizim a 2018, inda aka ce hukuncin kisa ba abin amincewa ba ne, alhali rubutun da ya gabata ya bar ƙofa a yanayi mai tsanani. Wasu 'yan Katolika masu ilimi suna ganin ci gaban koyarwa ne kan darajar ran ɗan Adam, wasu suna ganin yana da wuyar daidaitawa da abin da aka koyar a da. Ni na karɓe shi da biyayyar da matakinsa ke nema, ba na goyon bayan hukuncin kisa, kuma ina ci gaba da karanta wasiƙar Yohanna Bulus na 2 ta 1995 kan ran ɗan Adam da abin da ya biyo bayanta don in ga yadda aka taka daga can zuwa nan, Fada kuma ya ce in na gama in kawo tambayoyina mu zauna.